Gadin Maƙabarta: Daga Ƙayar Kura zuwa Katangar Unguwar Sarki

Duk wanda ya zauna Kaduna ya saba da irin wannan sanarwa. Babban mutum ya rasu, za a yi masa salla a Masallacin Sultan Bello, daga nan a kai shi makwancinsa a maƙabartar Unguwar Sarki. Haka aka yi wa Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan farar hula na farko a tsohuwar Jihar Kaduna, da ya rasu ranar 11 ga Nuwamba 2020. Washegari jaridu kan jero sunayen manyan da suka halarta. Ba a saba jero sunan wanda ya haƙa ramin ba, balle na dattijon da zai ja ƙofa ya rufe bayan mota ta ƙarshe ta tashi, ya kwana a tsakiyar mutanen da babu mai taya shi hira a cikinsu.

Yaran yanzu sun tashi da finafinan Amurka da wasannin kwamfuta inda gawa ke fasa kabari ta fito tana jan ƙafa. In suka ga irin wannan dattijo sai su ɗauka aikinsa shi ne hana matattu fita. A waɗancan wasannin sana'a ce sukutum, da makamanta da laƙaninta. A ƙasar Hausa kuwa, inda kowace sana'a take da shugabanta, akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, har mayu an yi musu sarki, amma ba a ji an naɗa wa wani rawani don ya tsare gari daga fatalwa ba. Wata buƙata ce dabam ta haifi gadin maƙabarta, kuma wanda ya bi sawun tarihinsa zai tarar tun fil azal mamacin ne ake karewa.

Bahaushe ya san tsoron mamaci, kada a yi masa ƙarya. Ya san fatalwa, doguwar farar halittar da ake cewa tana tare hanya da tsakar dare, wani lokaci da kamannin wanda aka binne kwanan nan. Ya san kurwa, wadda maye ke kamawa ya ɓoye, mai ita ya dinga ramewa yana sambatu yana kiran suna, har sai an tilasta wa wanda ake zargi ya zo ya tsallake shi. Allah kaɗai ya san tsofaffi nawa aka wulaƙanta a banza saboda zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ya san ɗan wabi, jaririn da ake ganin shi ne yake mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya, har a raɗa masa suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna masa ba a damu da shi ba, ko ya haƙura ya zauna. Wani hafsan Ingila mai suna Tremearne ya tattara camfe-camfen Hausawa masu yawa a littattafai biyu da ya fitar a 1913 da 1914, shi kuma Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano ya rubuta abin da ya gani game da iskoki, aka buga a 1946.

Amma a duba inda wannan tsoro ya yi sheƙa. Yana gindin kuka da tsamiya, yana tsohuwar rijiya da kufai da juji da mararrabar hanya, lokacinsa kuma tsakar rana ne da almuru. Maganinsa a jikin mai rai ake yin sa: laya, rubutun sha, hayaƙi, ko girka in abin ya kai ga 'yan bori. Ba a ɗaukar diga a tafi neman gawa.

A ƙasar Sabiya, can gabashin Turai, digar suka ɗauka. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, mutane suka yi ta mutuwa bayan rasuwar wani mai suna Petar Blagojevic. Ƙauyawa suka tono shi a gaban jami'in gwamnatin Ostiriya, suka kafa masa tsinin itace a ƙirji, suka ƙone gawar. A 1732 likitocin soja suka sa hannu a rahoton wani tonon irinsa a ƙauyen Medveda, inda aka fito da gawarwaki fiye da goma. Abin ya yi ƙamari a daular Ostiriya har sarauniya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba lamarin, ta hana irin wannan tono a 1755. Daga waɗannan rahotanni ne dodon nan mai shan jini na littattafai da finafinai ya samo tushe. Wato abin da yaranmu ke kallo a waya gadon firgicin ƙauyawan Turai ne na ƙarni na 18.

Namu tarihin daga wani wuri ya taso. A ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai tuddan Durɓi ta Kusheyi, inda ake danganta kaburburan da sarakunan farko na ƙasar Katsina. An binne mutanen nan da dukiyarsu: 'yan kunnen zinariya, mundayen tagulla da na hauren giwa, duwatsun ado, wuri, har da kwanon ƙarfe da aka yo daga ƙasashen Gabas. Masana sun ce wasu daga cikin kaburburan na ƙarni na 13 da na 14 ne. Shekaru ɗaruruwa wannan dukiya tana kwance a fili, babu katanga babu ƙofa, kwarjinin wurin da girmamawar mutanen yankin sun ishe ta tsaro. A abin da aka rubuta, wanda ya fara kafa musu diga shi ne Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka a Katsina, a 1907. A 1992 wata tawaga ƙarƙashin Bajamushe Dierk Lange ta sake haƙa wasu, aka kai kayan Jamus aka gyara, daga baya aka dawo da su Nijeriya. Ilimi ya ƙaru da wannan aiki, ba musu. Sai dai abin dariya ne a ce tsoron da ya hana ɓarawon ƙauye shekara ɗari biyar bai hana Bature ko kwana ɗaya ba.

Musulunci ya zo ya sauya lissafin gaba ɗaya. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso da addini a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kuma kafu sosai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya sauka birnin. Sannu a hankali zinariya ta daina shiga rami. Sarki da bawa, kowa farin ƙyalle. Malamai kuma suka koyar da cewa wanda ya shiga kabari ya shiga barzahu, mala'iku za su yi masa tambaya, ba shi da hanyar dawowa sai ranar tashin ƙiyama. Da wannan aƙida mamaci ya tashi daga abin tsoro ya koma mai rauni, mai haƙƙi a wuyan masu rai: a wanke shi, a suturta shi, a sallace shi, a binne shi da wuri, kada a taka kabarinsa ko a zauna a kai. Hadisi ya daidaita laifin karya ƙashinsa da na karya ƙashin mai rai. Malaman fiƙihu har sun yi muhawara kan mai tone kabari ya saci likkafani. Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, ta ɗauki kabari a matsayin ma'ajiya, don haka hukuncin ɓarawo ya hau kansa, Imamu Abu Hanifa kuwa bai ga haddi a kansa ba. Muhawarar kanta shaida ce cewa tun a ƙarnonin farko na Musulunci an san mai kai wa kabari hari ɗan Adam ne mai ƙafa biyu.

A karkarar Hausa akwai wani maharin mai ƙafa huɗu, kuma shi ya tsara mana yadda muke gina kabari har yau. A tsaya a kalli aikin da kyau. Ana rasuwa, wani zai ɗauki karan dawa ya auna tsawon mamaci ya kai wa masu haƙa. Su fara sare uwar kabari, mai faɗi, zurfinta bai cika wuce gwiwa ba. A tsakiyarta su sake yanka ɗan kabari, siriri, daidai yadda mutum zai kwanta a gefensa na dama fuskarsa na duban alƙibla. In an saka shi, sai a jera itatuwa a gicciye a bakin ɗan kabarin, ko fasassun tukwane kamar yadda aka fi yi a Kano, a shimfiɗa ganye ko ciyawa, a kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a toshe duk wata kafa. Sannan a tura busasshiyar ƙasa, a yi tudu, a yayyafa ruwa. A da, akwai aiki na ƙarshe da ba a tashi sai an yi shi: a saro ƙaya, ta magarya ko farar ƙaya, a lulluɓe tudun, a danne da duwatsu.

Kura ake yi wa wannan. Toshe kafa don kada wari ya fita ya kira ta, ƙaya don in ta zo ta sha wuya. Ita ce mai fito da matattu daga rami a ƙasar Hausa, kuma ina kyautata zaton rabin labaran fatalwa daga aikinta suka taso. Mutum ya fito da asuba ya ga kabarin jiya a buɗe, likkafani a yashe a bakin hanya, me zai faɗa wa mutanen gida? Ga kuma tsohon zancen mutanen da ke rikiɗa su zama kura da dare, wanda ya haɗa dabbar da maita a zukatan jama'a. Mai gadin maƙabarta na farko a ƙasar nan reshen ƙaya ne.

Wata dabarar ita ce a ƙi kai mamaci nesa. Gidaje da yawa a bayan ɗaki ko a wani lungu na gida suke binne nasu, musamman jarirai da manyan malamai, masu gida su ne masu gadi. Sarakuna ma haka. Sarakunan Kano na baya-bayan nan a gidan Nassarawa suke kwance, can aka kai Alhaji Ado Bayero a Yunin 2014. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya rasu a 1817, a gidansa na Sakkwato aka binne shi, wurin da ya zama Hubbare, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana Wurno tun 1837. Shehu da kansa ya yi rubutu yana hana bidi'o'in da ake yi a kaburbura, amma hakan bai hana nasa kabarin zama wurin ziyara ba. Masu kula da Hubbare wani nau'in masu gadi ne, sai dai su aikinsu tsara masu ziyara ne da hana su wuce gona da iri.

To ina aka samo dattijon nan mai kwana a ɗan ɗaki a bakin ƙofar maƙabarta? Birni ne ya haife shi, kuma Kaduna na cikin wuraren da aka fi ganin haihuwar a sarari.

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da gidajen kakanni. Ƙasar Gbagyi ce da Lugard ya zaɓa saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, sojoji suka fara sauka wajen 1913, aka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Waɗanda suka cika garin baƙi ne: soja, lebura, ma'aikacin reluwe, akawu, kuku, ɗan kasuwa. A ƙauye, ana jin salati daga wani gida samari sun saɓi diga da shebur, domin binne mamaci farali ne da in wasu suka yi ya sauka daga kan saura, kuma kowa ya san gobe nasa ne. Leburan da ya zo daga Gobir ko Borno ya mutu a ɗakin haya fa, wa zai haƙa masa? A bayan ɗakin wa za a sa shi? Ga kuma Turawa da dokokinsu na tsafta. A 1917 ɗin nan aka yi dokar birane da dokar rajistar haihuwa da mutuwa da binnewa, duba-gari suka shiga aiki, binne mutum a cikin gida ya zama abin da hukuma ba ta yarda da shi ba a garuruwan da take riƙe da su kai tsaye. Aka yanka filaye a bayan gari, Turawa nasu dabam, Kirista nasu, Musulmi nasu. Shekara ɗaya bayan haka annobar mura ta 1918 ta ratso ƙasar, ta bi hanyar jirgi da ta kogi, ta kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai rabin miliyan a Nijeriya. Gari mai irin wannan mutuwa, mai cike da marasa dangi, dole wani ya zauna a maƙabarta dindindin.

Turawan da suka kawo dokar sun san gadin kabari tun a gida. Ƙasa da shekara ɗari kafin zuwansu, makarantun likitanci na Ingila da Sikotilan suna sayen gawa don koyon fiɗa, aka samu masu sana'ar tono sababbin kaburbura da dare suna kai musu. Mutanen Edinbara suka gina hasumiyoyin tsaro a maƙabartu, wasu na nan tsaye har yau, masu hali kuma suka dinga rufe kabari da kejin ƙarfe. A 1828 aka kama Burke da Hare, waɗanda su ba tono suke yi ba, kashe mutane suke yi suna sayarwa. Sai da majalisa ta yi dokar fiɗa ta 1832 cinikin ya mutu. Ko a can ɗin, da aka zo ɗaukar mai gadi a biya shi, saboda masu rai aka ɗauke shi.

Unguwar Sarki ta taso ne da wani irin baƙo na dabam. Da Kaduna ta zama wurin taron Majalisar Sarakuna a zauren Lugard, sarakunan Arewa suka buƙaci masauki, gidan Sarkin Musulmi ya ba unguwar sunanta. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, a wannan zamani kuma Masallacin Sultan Bello ya tashi, da ƙoƙarin Firimiya Sir Ahmadu Bello. Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu a gidansa. Gari na hannun masu bindiga, ba halin ɗaukar gawa zuwa ƙasar Sakkwato, sai aka yi musu sutura a gidan Sarkin Musulmi na Kaduna, Alƙalin Alƙalai Abubakar Gumi na kan gaba a hidimar. Mutumin da ya fi kowa iko a Arewa ya koma ga tsohuwar al'adar nan ta binnewa a cikin gida, inda masu gida za su sa ido.

Shehu Abubakar Gumi ɗin nan ya taɓa rayuwar masu gadin maƙabarta ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Daga Masallacin Sultan Bello yake tafsirin azumi, Rediyon Kaduna na kai muryarsa ko'ina a Arewa har ƙetare, har ya rasu a 1992. Shi da ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, sun yaƙi gini a kan kabari, da neman tubarraki da ƙasarsa, da bukukuwan sadakar uku da bakwai da arba'in. 'Yan ɗariƙa sun mayar da martani, muhawarar ba ta ƙare ba har yau, kuma ba ita ce gabanmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne kabarin Musulmin Kaduna ya zauna a matsayin tudun ƙasa kawai, in an yi ƙoƙari a kafa ɗan allon ƙarfe da suna da kwanan wata. Fenti kuwa damina biyu ta ishe shi. Allon ya yi tsatsa, ko iska ta kayar da shi, ko masu jari-bola su tsince shi. Daga nan babu sauran rajista sai kan mai gadi.

Ana ganin amfanin wannan kai ranar da wani ya dawo daga Legas ko Jidda bayan shekaru yana neman kabarin mahaifinsa. Zai tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya rusuna.

"Baba, sannu da aiki. Don Allah kabarin mahaifinmu nake nema."

"Allah ya ji ƙansa. Wace shekara ce, ɗana? Da damina ne ko da rani?"

In ya faɗa, dattijon zai ɗan yi shiru, ya tambayi ko kafin a ja katangar gabas ne ko bayanta, ko ranar an kawo wata mata tare da shi. Sannan ya sa takalminsa ya shige gaba, yana ratsa tsakanin tudu da tudu ba tare da ya taka ko ɗaya ba, ya tsaya kusa da wani dalbejiya ya nuna da sandarsa. Wani lokaci daidai ne. Wani lokaci kusa da daidai ne, mai nema kuma ba shi da yadda zai gane, sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya haɗa da maƙwabta. Ranar da irin wannan dattijo ya rasu, ɗaruruwan kaburbura ne ke ɓata tare da shi.

Aikin yau da kullum ba shi da wani abin al'ajabi. Gara na cin itatuwan da aka jera, ruwan Agusta ya sauka a kai, kabari ya rufta. Da safe mai gadi zai zagaya da baro da shebur yana cikewa, tun kafin dangi su zo su ga abin da zai hana su barci. Da kaka ciyawa ta bushe, guntun taba ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Akwai maciji, akwai awaki da shanu, akwai maƙwabtan da suka mai da gindin katanga juji, akwai magudanar da wani ya karkato daga gidansa. Akwai samarin da ke tsallako katanga su sha abin da za su sha, don sun san ba mai biyo su nan. Akwai kuma mai gini, wanda ke cin taku ɗaya bana, taku biyu baɗi. Maƙabartun da aka yanka a bayan gari yanzu suna tsakiyar gari, kuma fili a Kaduna ta Arewa ya yi tsadar da mai kwaɗayi ba ya ganin kabari, fuloti yake gani.

Sai mafi muni, matsafa. Tun daga shekarun kuɗin man fetur, da matsin da ya biyo baya a shekarun 1980, zancen kuɗin tsafi ya bazu a Nijeriya, kudu da arewa. Boka ya ce a kawo masa ƙoƙon kai, ko ido, ko guntun likkafani, wani marar imani ya tafi nema. 'Yan sanda sun sha gabatar da irin waɗannan a jihohi dabam-dabam. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka zartar a 1959, ya riga ya haramta keta alfarmar maƙabarta da wulaƙanta gawa, amma doka ba ta kwana a bakin kabari. Wanda ke kwana shi ne tsoho da tocila da gora. A nan ne nake ganin camfin fatalwa ya juya mana baya. A zamanin Durɓi tsoro yana korar ɓarawo. Yau mutanen kirki yake kora: magariba na yi kowa ya kauce wa hanyar maƙabarta, mai gida kusa da katanga ya ji motsi ya ja bargo yana ta'awwuzi maimakon ya leƙa. Matsafi kuwa ya san babu abin da zai taso masa daga ƙasa. Duk uwar da ke tsorata ɗanta da fatalwa tana share wa wannan mutum hanya ba ta sani ba.

Mahaƙa kabari da masu gadi sun kuma zama shaidun abin da hukuma ba ta son ƙirgawa. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci mutum fiye da dubu a Kaduna, na Nuwamban 2002 ya ci fiye da ɗari biyu, su ne kuma suka raba garin, Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista a kudanci. A kwanakin nan, masu diga a ɓangarorin biyu sun binne mutanen da ba wanda ya zo nemansu. A Afrilun 2020 kuma, lokacin korona, mahaƙa kabarin Kano ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙa'ida, tun hukuma na musantawa. A Yunin shekarar Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye cutar ce sanadi. Mutanen da ba su da digiri sun riga ma'aikatar lafiya gano annoba, don su ne ke ƙirga ramuka.

Da me ake biyansu? A farkon 2025 BBC ta ba da labarin wani gida a Tudun Wadar Kaduna, inda wa da ƙane suka fara hidimar babbar maƙabartar unguwar a shekarun 1970, 'ya'yansu suka gaje su. Fiye da shekara 50 suna haƙa, suna wanka, suna gadi, ba albashi sai abin da masu makoki suka miƙa, sai dab da fitar labarin ne ƙaramar hukuma ta fara biyansu. Jama'a sun yaba, an yi ta sa musu albarka. Ni kuwa kunya labarin ya ba ni. Mun iya cewa "ladanku na wurin Allah", kuma gaskiya ne, amma mun mai da wannan kalma hanyar zille wa haƙƙi. Likitan da ya duba mamaci an biya shi, mai farin yadi an biya shi, mai motar da ta ɗauko shi an zuba masa mai, sai wanda zai zauna da shi shekara da shekaru ne aka bar wa canjin aljihu. Katangu da fitilu da rijiyoyin da ake gani a maƙabartu da dama, kwamitocin unguwa da 'yan agaji da masu hali ne suka yi su da karo-karo, Allah ya saka musu. Sai dai sadaka tana zuwa ne ranar da zuciya ta motsa, shi kuwa mai gadi kullum sai ya ci abinci.

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa kafa maƙabartu da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da gidajen gajiyayyu. Unguwar Sarki tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Mazauna unguwar, da duk mai wani nasa a kwance a can, suna da damar zuwa wurin kansilansu su tambaya: masu gadi nawa ne a rubuce, nawa ake ba su a wata, kuma a wane littafi ake rubuta sunan wanda aka binne da layin da yake. In babu littafin, a saya a fara rubutawa tun dattawan da suka haddace wurin suna da rai.